Wili Mai Inci 20 Ko Taya Mai Tsayi: Nazarin Wata Prado da Ƙaramin Kasafi

Motar da za mu duba lamarinta Toyota Land Cruiser Prado ce, samfurin 150, ƙirar 2012, mai injin fetur lita 2.7 da giya otomatik mai hawa huɗu. Daga kamfani ta fito da wili na alminiyam mai inci 17, faɗinsa inci 7.5, da tayoyi masu lamba 265/65R17. Tayoyin sun kusa suɗewa. Mai motar kuwa ya daɗe yana ganin ƙafafunta sun yi mata ƙanƙanta, ga shi yana yawan bin hanya mai ramuka da duwatsu, har cikin motar kan gogi ƙasa a wasu wuraren. Sai ya ga tun da sayen taya ya zama dole, gara ya yi mai gaba ɗaya, ya ƙara mata girman ƙafa. Kuɗin da ya ware bai wuce na sababbin tayoyi biyar masu matsakaicin daraja ba, ko huɗu na manyan kamfanoni. Iyakarsa ke nan, babu wani abu ajiye a gefe.

Buƙatarsa biyu ce, ko da yake shi kansa bai rarrabe su ba da farko. Yana son motar ta yi kwarjini a ido, yana kuma son ta ɗaga daga ƙasa. A tunaninsa babban wili zai ba shi duka biyun. Daga nan ne yawancin masu jif ke fara asara, shi ya sa lamarin ya cancanci a bi shi daki-daki.

Lambobin da ke gefen taya

A 265/65R17, lamba 265 faɗin tayar ne a milimita. Ita 65 tsayin gefen tayar take nunawa, daga bakin wili zuwa inda take taka ƙasa, amma a matsayin kaso na faɗin: kashi 65 cikin 100 na 265, wanda ya kama milimita 172. R na nuna irin saƙar cikinta, 17 kuma girman wilin da za ta hau ne a inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka wilin ya kama milimita 432. A haɗa shi da gefe biyu, na sama da na ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya zama milimita 776.

A kan wannan 776 ɗin injiniyoyin motar suka gina lissafin giya, da birki, da agogon gudu, da na'urar hana zamewa, da sararin da suka bari a cikin madigadi. Duk wani canji da za a yi, da ita za a gwada shi. Lissafin ba ya cin ko sisi, waya da minti biyar sun isa, amma shi ne abin da aka fi tsallakewa.

Tayin farko: wili huɗu masu inci 20, na hannu

An kawo masa wili huɗu baƙaƙe masu ƙyalli, inci 20, faɗin inci 9, da tayoyinsu a jiki, a kan abin da bai kai kashi biyu cikin uku na kuɗinsa ba. Ramukan noti shida ne kamar na motarsa, tazararsu ma daidai, 6x139.7, wato rami shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7. Ya riga ya ƙwallafa rai. Abin da ya cece shi shi ne sharaɗin da ya gindaya wa mai sayarwa, cewa ba zai biya ba sai bakanikensa ya duba, an kuma gwada ɗaya a jikin motar.

Lambar tayoyin 265/50R20 ce. Gefenta milimita 132 da rabi, wilin milimita 508, jimilla 773. Wato ƙafar da ya yi zaton ta fi tasa girma nesa ba kusa ba, ashe ta gaza ta da milimita 3. Da ya ɗaura su, motar ba za ta ɗaga ko kaɗan ba. Abin da zai faru kawai shi ne ƙarfe ya ci wurin roba: kusan milimita 40 na gefen taya sun tafi. Gefen nan shi ke fara shanye bugun rami kafin ya kai ga shokozoba, shi ke hana bakin wili haɗuwa da dutse, shi ne kuma ke ba direba damar rage iska a cikin yashi don tayar ta baje ta taka da kyau. A kan kwalta mai santsi gajeren gefe na da nasa amfani, sitiyari ya fi amsawa da sauri a kwana. Amma ba wannan ce hanyar mutumin nan ba.

Bayan girman akwai wata lamba da harafi. A tsofaffin tayoyinsa 112 ce, a waɗannan kuwa 107. Lambar nauyi ce. Taya mai 112 na ɗaukar kilo 1,120, mai 107 kuma kilo 975. A ƙafa huɗu, kilo 580 ke nan aka zabge daga abin da ƙafafun za su iya ɗauka, a motar da cikakken nauyinta da mutane da kaya ke kusantar tan 3, kuma nauyin ba ya rabuwa daidai, baya ya fi ɗauka idan an yi lodi. Ƙa'idar a nan ba ta da sassauci: ba a sauka ƙasa da lambar da kamfanin motar ya rubuta a takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba.

Sai aka juya wilin. A bayan kowane wili akwai rubutun da aka zuba tare da ƙarfen. Na motarsa 17x7.5 ET25 ne, wannan kuwa 20x9 ET0. ET, wanda makanikai ke ce wa ofset, nisa ne tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke zama a kan hob, wato cibiyar ƙafar mota da ake ɗaure wili a jikinta. Idan lambar ta ragu, ƙafar gaba ɗaya ta matso waje. Daga 25 zuwa 0, tsakiyar tayar ta fito da milimita 25 a kowane ɓangare, bakin wilin na waje kuma da kusan milimita 44, saboda ƙarin faɗinsa. Wannan fitowar ita ke ba mota kamannin da mutane ke so, amma tana zuwa da kaya a bayanta. Ƙafar da ta fito waje tana zana babbar da'ira idan an murɗa sitiyari, sai ta riƙa neman bayan madigadi da gefen bamba. Nauyin motar ya kauce daga inda aka tsara ya sauka a kan boris, sai boris da kayan ƙafa su riƙa aikin da ya fi nasu. Bugun rami yana dawowa hannun direba fiye da da. Tsakuwa da taɓo kuma su riƙa watsuwa a jikin bodi.

Ramin tsakiyar wilin milimita 110 ne, alhali hob ɗin Prado 106.1 ne. Ana sayar da zobba masu cike wannan gibin, ba su da tsada, amma idan ba a sa su ba da wuya wilin ya zauna a tsakiya daidai, sai a yi ta fama da rawar sitiyari a babban gudu ana zargin balansin. Akwai kuma batun noti, wanda a ganina ya fi kowanne haɗari saboda ido ba ya kama shi. Notin da Toyota ke sa wa wilinta na alminiyam mai shimfiɗaɗɗen gindi ne da wosha. Yawancin wilin kasuwa kuwa raminsu mai gangare ne, noti mai tsinin baki suke so. Idan aka ɗaura na Toyota a irin wannan ramin zai shiga, zai ma yi kamar ya ɗauru, amma da ɗan gefensa kawai ya kama, kuma da tafiya yakan saki. Ke nan sai ya sayi noti 24, ya kuma ajiye tsofaffi shida a mota saboda ranar da zai sa safaya, tun da ita tana kan wilin asali.

Duk wannan lissafi ne da karatun rubutu. Abin da ya kashe maganar shi ne abin da hannu ya taɓa. Bakaniken ya jiƙa yatsa ya goge ƙurar gefen tayar, inda aka rubuta DOT, sai ga lambobi huɗu na ƙarshe a cikin ɗan zagaye: 1416. Mako na 14 na shekarar 2016 aka yi ta, a lokacin ta haura shekara 8. Zanen samanta da saura, har yana ruɗar ido, amma da ya danna babban yatsa a tsakanin zanen sai ƙananan tsage suka buɗe kamar gashi, robar ta bushe ta yi ƙarfi. Kamfanonin mota da dama na ba da shawarar a sauya taya idan ta kai shekara 6, manyan masu yin taya kuma sun sa shekara 10 a matsayin iyakar ƙarshe, komai kyan zanenta. Aka ɗora wilin ɗaya bayan ɗaya a kan injin balansin. Uku sun juya lafiya. Na huɗun yana juyawa bakinsa na ciki yana leƙowa yana komawa, da aka shafa wurin sai aka ji tudun walda a ƙarƙashin sabon fenti.

"Yallaɓai," in ji bakaniken, "robar nan ta gama aiki. Wili kawai ake sayar maka, shi ma ɗaya ya taɓa tsagewa."

Da ya saya, cikin 'yan watanni zai nemi sababbin tayoyi huɗu masu inci 20, waɗanda galibi sun fi na 17 tsada, ga noti, ga zobba, ga neman wili guda da zai dace da sauran ukun. Jimillar ta wuce kasafinsa, motar kuma tana nan a tsayinta na da. Araha ba ta ado, amma a nan ma ba arahar ba ce.

A cikin neman ne wani ya nuna masa wilin Ford Ranger masu sauƙin kuɗi, ya ce ai rami shida ne, tazara ɗaya. Gaskiya ne, 6x139.7 ne su ma. Sai dai ramin tsakiyarsu milimita 93.1 ne, ba zai ma wuce kan hob ɗin Toyota ba, na Mitsubishi Pajero kuwa 67.1 ne. Masu cewa a kai a rarake ramin a faɗaɗa shi, ƙarfen da ke riƙe da ƙafar mota suke cewa a rage.

Tayi na biyu: 285/70R17

Da ya fahimci cewa tsayi daga roba yake zuwa, sai ya tsallaka ɗaya ɓangaren. Ya ga hotunan Prado masu 285/70R17, waɗanda ake yi wa laƙabi da taya 33 saboda tsayinta ya kusa inci 33, ya ce ita yake so. Lissafinta: gefe milimita 199 da rabi, jimilla 831. Ta fi ta asali da kusan milimita 55, wato kashi 7 cikin 100. Rabin wannan ne zai zama ɗagawar motar, milimita 27. Ba laifi, kuma ɗagawa ce ta gaskiya, domin taya kaɗai ke ɗaga aksul na baya daga ƙasa. Ƙara tsayin sifirin bodi da shasi yake ɗagawa, tulun aksul yana nan inda yake.

Matsalar ita ce 285 ba ta zuwa ita kaɗai. Wili mai faɗin inci 7.5 shi ne mafi ƙanƙanta da aka yarda ta hau, kuma a ET25 gefenta na ciki yana matsowa dab da hannun sama na ƙafar gaba. Don a kauce masa sai a fito da ƙafar waje, ko da sabon wili ko da faifan ƙari da ake sawa tsakanin hob da wili. Da zarar an fito da ita kuma, ta fara cin bayan madigadi da wurin da bodi ke zama a kan shasi, sai yanka da bugu. Daga nan a ce a ɗaga motar da inci 2, wanda ke nufin sababbin sifirin da shokozoba da alaimen. Akwai abin da masu sayar da kayan ɗagawa ba su cika faɗa ba: a ƙafar gaba irin ta Prado, ɗagawar inda motar ke tsayawa kawai take canzawa, amma idan ta faɗa rami da nauyi ƙafar za ta koma sama har inda take zuwa tun asali. Tayar da ba ta da wuri a can, za ta ci gaba da gogawa, sai dai a rage yawan faruwarsa.

Faifan ƙarin nan ma yana buƙatar magana. Masu araha falle ne kawai da ake zurawa a kan ƙusoshin hob, kuma duk kaurin da suka ƙara, daga tsawon zaren da noti ke kamawa suka ciro shi. Ƙusoshin motar milimita 12 ne, zarensu na tafiya milimita 1.5 a kowane juyi, noti kuwa na buƙatar ya kama aƙalla tsawon kaurin ƙusar, wato cikakken juyi 8. Wanda ya ɗaura noti ya ƙirga juyi biyar ya ji ya tsaya, to ƙafar nan ba ta ɗauru ba. Masu kyan su ne waɗanda ake ɗaurewa a hob da nasu notin, suna da nasu ƙusoshin da bakin da wili ke zama, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne.

Sai injin. Lita 2.7 mai silinda huɗu, ƙarfinsa wajen doki 160, yana jan motar da ta haura tan 2 ko babu kowa a ciki. Dama can ba mai gaggawa ba ne. Ƙara tsayin taya da kashi 7 daidai yake da ɗaga kowace giya sama da wannan gwargwado: ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu, tashi ya yi nauyi, a hawan tudu giyar ta riƙa kai da komo tsakanin uku da huɗu, man giya ya riƙa ɗaukar zafi. Birki ma haka, domin faifan birkin bai ƙaru ba amma abin da yake ƙoƙarin tsayarwa ya ƙara tsayi da nauyi. Yawancin tayoyi masu wannan girma na ajin LT ne, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, masu kaurin saƙa, kowace kan fi ta asali nauyi da kilo 6 zuwa 9, nauyin kuma a wuri mafi muni yake, can ƙasan sifirin, yana juyawa.

Doka ma tana da ta cewa, gwargwadon ƙasar da motar take. A Ostareliya, misali, ƙa'idar gyaran motoci ta yarda jif irin wannan ta ƙara tsayin taya har milimita 50 ba tare da takardar injiniya ba, 285 ɗin nan kuwa ta haura da kusan 5. A Jamus, wili ko girman tayar da ba ya cikin takardun mota sai da shaidar amincewa. Kamfanin inshora kuma, ko'ina yake, yana iya kafa hujja da gyaran da ba a sanar da shi ba ranar da aka je neman diyya.

Ba na cewa 285 kuskure ce. Ga mai injin dizal ko V6, mai kuɗin yin aikin har ƙarshe, motar kan fito da kyau ta kuma yi aiki. Amma ga wannan mutumin, kuɗinsa zai ƙare ne a kan tayoyi huɗu, sauran aikin ya rage a rataye, ya riƙa yawo da motar da ke kuka duk lokacin da ya karya kwana.

Abin da aka yi

An tsaya a kan 265/70R17, a kan wilinsa na asali. Faɗi bai canza ba, ofset bai canza ba, noti nasa ne. Gefen ya tashi daga 172 zuwa 185 da rabi, jimilla milimita 803, ƙarin kusan 27, kashi 3.4 cikin 100. Motar ta ɗaga da milimita 13. Ya ɗan ɓata rai da ya ji lambar, ya ce kaurin yatsa ke nan. Haka ne. Amma an ƙara masa gefen da zai shanye rami, kuma ya tashi daga tayar kwalta zuwa mai zanen kowace hanya, wadda kafaɗarta ke da gaɓa-gaɓa, ita kanta tana cika madigadi a ido fiye da yadda lambobin ke nunawa.

Shawara biyu aka sha muhawara a kansu. Ta farko, LT ko ta talaka, wato ta gama-gari irin wadda motar ta zo da ita. LT ta fi jure ƙaya da kaifin dutse, amma ta fi nauyi da tsada, tana kuma buƙatar iska fiye da ta talaka kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, abin da ke sa mota ta riƙa dukan baya. Tun da ba ya jan tirela, ba ya kuma kwana a jeji, an ɗauki ta talaka mai lamba 115T: kilo 1,215 kowace, sama da ta asali, da iyakar gudun kilomita 190 a awa.

Ta biyun ita ce huɗu ko biyar. Ya so ya sayi huɗu na babban kamfani ya bar tsohuwar safayarsa, tun da ko sau ɗaya ba ta taka ƙasa ba. A motar da ƙafa biyu ke ja, ana iya lallaɓawa da hakan zuwa wurin mai faci. Prado 150 kuwa ƙafa huɗu ke ja a kowane lokaci, da difarenshal na tsakiya irin na Torsen da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. A lissafi, tsohuwar tayar na juyawa sau 410 a kilomita guda, sabuwar sau 396 da ɗoriya. Idan aka haɗa su, ƙafa ɗaya na zarce 'yan uwanta da juyi 13 zuwa 14 a kowace kilomita, difarenshal na ta aikin cike bambancin ba hutu, na'urar hana zamewa kuma tana iya ɗauka cewa ƙafar sulɓi take yi. Ga shi safayar ma shekarunta ɗaya da motar. Aka sayi biyar na kamfani mai matsakaicin suna, aka duba kwanan kowace kafin a biya, duk ba su kai shekara da yi ba. Ina ganin wannan ce shawara mafi kyau a duk lamarin, domin idan ana juya biyar ɗin bi da bi, kowace na samun hutu, saitin ya fi daɗewa, safayar kuma ba ta tsufa a banza a bayan ƙofa.

Tsofaffin tayoyi biyu da ke da sauran zane an sayar, kuɗinsu ya biya sababbin bawul da balansin da wani ɓangare na alaimen.

Kafin a ɗaura duka, an sa guda a gaba aka sauke jak. Aka murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, bakaniken na durƙushe da tocila yana zura yatsu tsakanin tayar da hannun sama, da bayan madigadi. Aka hau da ƙafar kan ɗan tudu don ta dannu sama, aka sake murɗawa. Wuri ɗaya ta taɓa: robar tare taɓo ta gaba, idan ana baya da sitiyari a ƙarshe, ta bar ɗan farin gogewa kamar faɗin farce biyu. Aka gasa robar da iska mai zafi, aka tura ta baya, aka datse ƙaramin kunne. Ba a taɓa ƙarfe ba. An ɗaura noti da hannu tukuna, ɗaya sannan na daura da shi, aka ƙarasa da sifana mai awo a kan adadin da littafin motar ya faɗa, ba da bindigar iska ba, wadda ke miƙar da ƙusa har ta raunana. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ya koma aka sake bin su.

Bayan an ɗaura

Agogon gudu ne ya fara ba shi mamaki. Kafin canjin an gwada shi da GPS na waya: idan allura na kan 100, ainihin gudun wajen 96 ne. Wannan ba lalacewa ba ce, ƙa'idar da yawancin masu ƙera motoci ke bi ta hana agogo nuna ƙasa da ainihin gudu, sai suke barin sa ya ɗan zarce. Bayan canjin, 100 ta zama 99 da 'yan kai. Agogon ya zo daidai, amma rarar da ke kare shi a da ta ƙare, abin da allura ta nuna shi ne yake yi. Da 285 ce, da yana kan 103 allura na nuna masa 100.

Sai ya dawo da ƙorafin cewa motar ta koma shan mai sosai. Da aka zauna aka duba, wani ɓangare na ƙarin a takarda yake. Mitar kilomita juyin taya take ƙirgawa, tayar kuma yanzu tana cin ƙasa fiye da da a kowane juyi. Duk kilomita 500 da mitar ta rubuta, daidai take da 517 a ƙirgar da ya saba da ita. Da aka ninka da 1.034 sai gibin ya ragu, ko da yake bai ɓace ba. Taya mai babban zane da ƙarin nauyi dole ta ci nata rabon man. Wannan lissafin ya shafi lokacin juyen baƙin mai ma, gara ya riƙa yi da ɗan wuri.

Tashin motar ya ɗan yi nauyi, ana jin sa a hawan tudu da lodi. Akwai 'yar ƙara a kan kwalta daga wajen kilomita 80. A ramuka kuwa ta yi laushi fiye da da, wurare biyun da cikinta ke gogawa a hanyarsa, ɗaya ya daina gaba ɗaya, ɗayan sai idan an cika ta da kaya. Murfin safaya na bayan ƙofa bai shiga sabuwar tayar ba, aka cire shi.

Iska ce ta kusa ɓata aikin. Mai facin da ya fara duba masa ya karanta lambar da ke gefen tayar ya hura har can, motar ta riƙa tsalle, tsakiyar zanen kaɗai ke taka ƙasa. Lambar gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Abin da motar ke so yana jikin ƙofar direba, kuma tun da tayar ba LT ba ce, lambar nauyinta ma ta fi ta asali, wannan adadin ya wadatar, a auna da safe kafin ta yi zafi. Ragewa fiye da kima don neman laushi ya fi cikawar haɗari. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwasa a kowane juyi, tana tara zafi, har saman ya rabu da jikinta. A watan Agustan 2000 an janye tayoyin Firestone miliyan 6.5 a Amurka bayan irin wannan ɓarewar ta jawo kifewar jif-jif da asarar rayuka, yawancinsu Ford Explorer, kuma ƙarancin iska da zafi na cikin abubuwan da aka yi ta muhawara a kansu. Daga nan ne aka yi dokar da ta kai ga wajabta na'urar gargaɗin iskar taya a sababbin motocin ƙasar. Jif doguwa ce, nauyinta na sama, fashewar tayar baya a guje ba ta yi mata da sauƙi. Da ɗan canjin da ya rage ya sayi gejin iska nasa na kansa.

Buƙatarsa ta kwarjini ba ta biya duka ba, ya kuma faɗa. Har yanzu yana son ƙafar ta ɗan fito waje. Hanyar da ta fi dacewa da aljihunsa ita ce wilin asali na wata Toyota, irin na FJ Cruiser: inci 17 ne, rami shida masu tazara ɗaya, ramin tsakiya 106.1, amma ET15, wanda zai fito da kowace ƙafa da milimita 10 kacal, tayoyin da ya saya kuma su hau ba tare da an sake sayen roba ba. Idan ya samu na hannu, sharaɗin shi ne na farko: a juya kowane a injin balansin, a shafa bayansa a nemi walda, a ɗaura ɗaya a gaba a tabbatar bai taɓa kan birki ba, a murɗa sitiyari har ƙarshe, sannan a yi maganar kuɗi.